Yadda ake sa Git ya kau da kai daga sauye-sauyen da ba su da amfani ba tare da ya ruɗe ka ba

Tambayar da masu karatu suke ta turowa game da Git, manhajar da ke ajiye tarihin sauye-sauyen fayiloli, kusan iri ɗaya ce: na buga `git diff -w` bai nuna mini komai ba, amma da na ƙara `--name-only` sai ga sunayen fayiloli a jere, to wanne ne gaskiya? Wasu kuma faci, wato rubutun bambancin layuka da ake iya sakawa a kan fayiloli, suka fitar da `-w`, suka tura wa abokin aiki, ya ƙi shiga. Matsalar duk tushenta ɗaya. Zaɓin kau da kai irin `-w`, mai sa Git ya ƙyale sauyin sarari, yana sauya ma'anar kalmar "sauyi" ne, alhali ba kowane salon fitar da sakamako ne yake buɗe fayil ya duba abin da ke ciki ba. Abin da ya kamata shi ne faci, da ƙididdigar layuka, da jerin sunaye, da lambar fita (lambar da umarni yake mayarwa idan ya gama) duk su ba da amsa guda. Inda ba su yi haka ba, kai ne za ka gano, ka kuma toshe giɓin.

Kayan aikin ba su da yawa: Git, da tagar umarni mai Bash (a Windows, Git Bash da ke zuwa tare da Git ya wadatar), da kamar rabin awa. Ba a biyan ko sisi, kuma gwajin ba ya buƙatar intanet. Kafin komai buga `git --version` ka riƙe lambar, domin rabin abin da ke tafe ya dogara da ita.

## 1. Gano irin hayaniyar tukuna

Kada ka fara da `-w`. Fara da duba abin da ya cika maka allo. Ɗauki fayil ɗaya daga cikin waɗanda kake zargi:

```
git diff --no-color -- sunan_fayil | cat -A | head -40
```

`cat -A` yana fito da abin da ido ba ya gani. Alamar `$` ita ce ƙarshen layi, `^I` tab ne, `^M$` kuma ƙarshen layi ne irin na Windows. Idan kowane layi mai `+` ya ƙare da `^M$` alhali masu `-` ba su da shi, ƙarshen layi ne ya sauya, ba wani abu ba. Idan akwai sarari kafin `$`, saura ne da aka bari a bakin layi. Idan `^I` ya koma sarari huɗu, manhajar rubutun wani ce ta sake jera shigar layukan. A macOS `cat -A` ba ya aiki, sai `cat -vet`.

Don ganin yanayin ƙarshen layi na dukkan fayiloli a lokaci guda, akwai `git ls-files --eol`. Ginshiƙi na farko mai `i/` yana faɗin abin da ke ajiye a cikin Git, na biyu mai `w/` abin da ke kan faifanka. Duk inda ka ga `mixed`, fayil ɗin ya gauraya iri biyu.

## 2. Ɗauki zaɓin da ya fi ƙunci

Zaɓuɓɓukan suna hawa ne kamar tsani, kowane yana ɓoye fiye da na ƙasansa:

- `--ignore-cr-at-eol`: alamar ƙarshen layin Windows kaɗai. Ya shigo a siga ta 2.16.
- `--ignore-space-at-eol`: duk wani sarari ko tab a ƙarshen layi.
- `-b`: yawan sarari. Sarari ɗaya da biyar duk ɗaya ne a wurinsa, amma yana bambanta wurin da akwai sarari da wurin da babu sam.
- `-w`: duk sarari, ko ina yake, ko da ɗaya layin ba shi da ko ɗaya.

Sai guda biyu da suke aiki ta wata hanya dabam: `--ignore-blank-lines` ga layukan da babu komai a cikinsu, da `-I` ga layukan da suka dace da wani salon nema da ka ba shi.

Hau matakin da ya isa ya kashe hayaniyar da ka gano, ka tsaya nan. Mutane sun fi son `-w` saboda gajarta, amma shi ne ya fi haɗari.

Gargaɗi: `-w` bai san ma'anar rubutu ba. A fayil ɗin fassarar manhaja, idan wani ya mayar da `"ba ta zo ba"` ya zama `"bata zo ba"`, ko `"ya yi"` ya zama `"yayi"`, `-w` zai ce babu abin da ya sauya. Mai duba fassarar Hausa da `-w` ya rufe idonsa daga kuskuren da ya fi yawa a rubutunmu, wato rabawa da haɗe kalmomi. A nan `-b` ne daidai, domin shi zai kama wannan.

Gargaɗi na biyu: a Python da YAML, shigar layi ita ce ma'ana. Layin da aka janyo daga sarari takwas zuwa huɗu ya fita daga cikin `if` ke nan, shirin ya sauya hali, kuma `-b` da `-w` duk za su yi shiru. A Makefile, tab ɗin da ke farkon layin umarni wajibi ne. Idan ya koma sarari, `make` zai tsaya da kuskure, `-b` kuma ba zai nuna maka dalili ba. A Markdown ma sarari biyu a ƙarshen layi suna karya layin. Ga irin waɗannan fayiloli, maimakon ɓoyewa, gwada wannan:

```
git diff --color-moved --color-moved-ws=allow-indentation-change
```

Yana nuna komai, amma yana ba layukan da aka matsar kawai wani launi dabam, sai idonka ya tsallake su da kansa.

## 3. Kafa 'yar ma'ajiyar gwaji

Wannan matakin ne mutane suke tsallakewa, kuma shi ne yake raba gardama. Fayiloli huɗu, kowane da irin sauyinsa:

```
mkdir gwaji && cd gwaji
git init
git config core.autocrlf false
printf 'a = 1\nb = 2\n' > sarari.txt
printf 'layi na farko\nlayi na biyu\n' > karshe.txt
printf 'farashi = 500\n' > gaske.txt
printf '# An samar: 2024-01-01\nx = 1\n' > kwanan.txt
git add . && git commit -m "tushe"
```

Yanzu sauya su:

```
printf 'a  =  1\nb = 2\n' > sarari.txt
printf 'layi na farko\r\nlayi na biyu\r\n' > karshe.txt
printf 'farashi = 700\n' > gaske.txt
printf '# An samar: 2024-06-01\nx = 1\n' > kwanan.txt
```

Layin `core.autocrlf false` ba ado ba ne. Idan saitin yana kan `true`, kamar yadda yake a yawancin kwamfutocin Windows, Git zai gyara ƙarshen layin `karshe.txt` kafin ya kwatanta, gwajin ya ɓaci tun daga farko.

## 4. Buga kowane salo, ka ƙirga fayiloli

`git diff --stat` kaɗai zai ba ka fayiloli 4, layuka 5 sun shiga, 5 sun fita. Wannan shi ne ma'auni. Yanzu ƙara `-w` a kan kowane salo, ɗaya bayan ɗaya:

```
git diff -w
git diff -w --stat
git diff -w --numstat
git diff -w --name-only
git diff -w --name-status
git diff -w --raw
```

Amsar da ta dace a duka shidan ita ce fayiloli biyu: `gaske.txt` da `kwanan.txt`. Ga abin da za ka tarar.

Facin kansa zai nuna biyun. Ko kan labarin nan mai `diff --git` ba zai fito wa sauran ba. Haka Git yake yi tun siga ta 1.7.0 a 2010.

`--stat` da `--numstat` suna buɗe fayil su ƙirga layuka, don haka suna bin `-w`. Bambancin kawai shi ne kafin siga ta 2.29 suna barin sunan fayil ɗin da sifili a gabansa, daga 2.29 kuma suna cire shi ɗungurungum.

Uku na ƙarshe su ne tushen ruɗun. Git yana ba kowane abin da ya ajiye wata doguwar lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa. Ko sarari ɗaya aka ƙara, lambar ta sauya gaba ɗaya. Shekara da shekaru `--name-only` da `--name-status` da `--raw` ba sa karanta fayil. Lambobin shaida biyu kawai suke kwatantawa, idan sun bambanta su rubuta sunan. Da gangan aka yi haka domin sauri: kwatanta lambobi dubu goma ƙiftawar ido ne, buɗe fayiloli dubu goma kuwa aiki ne. Illar ita ce `-w` yana shiga ya fita ba tare da ya taɓa komai ba, kuma Git ba ya yi maka gargaɗi. An gyara wannan a ƙarshen 2025, kuma gyaran yana cikin siga ta 2.52: idan aka haɗa waɗannan salon da zaɓin kau da kai, Git yana kwatanta abin da ke cikin fayil a ɓoye kafin ya rubuta suna.

Saboda haka idan ka ga sunaye huɗu, Git ɗinka tsoho ne a wannan fannin. Idan biyu ka gani, sabo ne. Kada ka tsaya a kwamfutarka kaɗai. Maimaita gwajin a kan uwar garken da take gudanar da binciken lambarku ta atomatik, domin can ne aka fi samun tsohuwar siga, wadda ta zo tare da Ubuntu ko Debian, kuma can ne kuskuren yake yin ɓarna ba wanda ya lura.

`git status` kuwa ba ya karɓar waɗannan zaɓuɓɓuka ko kaɗan, a kowace siga. Kuma haka ya kamata: aikinsa shi ne ya faɗa maka abin da zai shiga kwamit, wato sauyin da ake ajiyewa a tarihin Git, kuma sarari ma yana shiga. Haka nan `git log -p -w` zai ci gaba da jero kwamit ɗin da sarari kaɗai ya taɓa, sai dai za ka ga bayaninsa babu faci a ƙasa.

## 5. Fitar da jerin sunayen da za ka iya dogara da shi

Idan rubutun umarninka zai gudana a kwamfutoci masu sigogi dabam-dabam, kada ka jingina da `--name-only -w`. Hanya mai sauƙi, daga 2.29 zuwa sama:

```
git diff -w --no-renames --numstat | cut -f3
```

`--no-renames` yana nan ne domin idan an sake wa fayil suna, `--numstat` yana rubuta tsohon suna da sabo a haɗe da alamar `=>`, abin da zai rikita duk wanda zai karanta jerin.

Hanya ta biyu ta fi jinkiri amma ba ta damu da siga ba. Tana tambayar Git fayil bayan fayil:

```
git diff --name-only --no-renames -z |
while IFS= read -r -d '' f; do
  git diff --quiet -w -- "$f" || printf '%s\n' "$f"
done
```

Buga shi daga saman ma'ajiya, domin sunayen da `--name-only` yake bayarwa daga can ake ƙirga su. A kan fayiloli ɗari biyu ba za ka ji nauyinsa ba. A kan dubu ashirin za ka ji, musamman a Windows inda tada sabon shiri yake da tsada, tunda kowane fayil sai an kira Git sau ɗaya.

Gargaɗi: idan sunayen fayilolinka suna da ƙ, ɗ ko ɓ, Git zai lulluɓe su da alamar zance ya mayar da harafin lambobi. `ƙasa.txt` zai fito a matsayin `"\306\231asa.txt"`, kuma duk umarnin da ka miƙa wa wannan sunan zai ce babu fayil ɗin. `-z` da ke cikin hanya ta biyu yana hana hakan. Ga hanya ta farko, sa `git -c core.quotePath=false diff` a madadin `git diff`.

## 6. Lambar fita

A rubutun atomatik, galibi ba jerin sunaye ake so ba. So ake a san akwai sauyi na gaske ko babu. `git diff --quiet -w` ba ya rubuta komai, yana fita da 0 idan babu, da 1 idan akwai. Gwada shi a ma'ajiyar gwajin:

```
git diff --quiet -w -- sarari.txt; echo $?
git diff --quiet -w -- gaske.txt; echo $?
```

Na farko 0, na biyu 1.

Bar `--quiet` shi kaɗai da zaɓin kau da kai. Haɗa `--exit-code -w` da `--raw` ko `--name-only` ya taɓa ba da lambar da ba daidai ba a tsofaffin sigogi. Idan kana buƙatar jeri da lambar fita duka, kira Git sau biyu; ya fi kwanciyar hankali.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, rubutun da ya fara da `set -e` zai mutu nan take idan `git diff --quiet` ya dawo da 1, sai dai idan an saka shi cikin `if`. Na biyu, ɗaukar duk abin da ba 0 ba a matsayin "akwai sauyi". Idan ka rubuta sunan reshe (branch) ba daidai ba, Git yana fita da 128. Rubutun da bai bambanta 1 da 128 ba zai ci gaba da aiki a kan kuskure, ya gina ko ya tura abin da bai kamata ba.

Akwai kuma abubuwan da `-w` ba ya ɓoyewa, kuma bai kamata ya ɓoye ba: sabon fayil, fayil ɗin da aka goge, sauyin izini kamar daga `100644` zuwa `100755`, da hotuna da sauran fayilolin da ba rubutu ba. Idan sauyin izini ne yake damunka, maganinsa `git config core.fileMode false`, ba zaɓin sarari ba.

## 7. Layukan da injin ya rubuta: `-I`

Wannan ya shigo a siga ta 2.30, kuma ga mai aiki da fayilolin da wani shiri yake samarwa, ya fi `-w` amfani. A gwajinmu:

```
git diff -w -I'^# An samar' --stat
```

Saura `gaske.txt` kaɗai. Inda ya fi amfani a zahiri shi ne fayilolin fassara na gettext masu ƙarewa da `.po`. Duk lokacin da aka sabunta su, layukan da suke nuna inda jimla take a cikin lamba suna sauyawa, haka ma kwanan watan da ke sama, ko da ba a taɓa fassara ko ɗaya ba:

```
git diff -I'^#: ' -I'^"POT-Creation-Date' -- po/ha.po
```

Ana iya maimaita `-I` sau nawa aka ga dama. Saka salon neman cikin alamar zance guda-guda domin kada Bash ya taɓa shi, kuma ka kafe shi da `^` a farko. Salo sakakke irin `-I'date'` zai haɗiye duk layin da wannan kalmar ta bayyana a cikinsa, har da `update` da `validate`.

Sharaɗinsa yana da tsauri, kuma nan ne mutane suke zaton ya lalace. Sai dukkan layukan sauyin, waɗanda suka fita da waɗanda suka shiga, sun dace da salon kafin a ɓoye shi. Idan layin kwanan wata yana manne da wani layin da ya sauya da gaske, duka biyun za su fito. Haka ma idan yana kusa da shi, cikin layukan kewayen da faci yake nunawa, waɗanda uku ne idan ba ka sauya ba. Git ba zai iya nuna layin a matsayin wanda bai sauya ba alhali ɓangarorin biyu sun bambanta, don haka yake fito da shi. `--ignore-blank-lines` ma haka yake. Rage kewayen da `-U1` ko `-U0` yana rage wannan.

## 8. Facin da aka fitar da `-w` na karatu ne

Kada ka tura shi a matsayin facin da za a saka, ko ta `git diff -w` ko ta `git format-patch -w`. Dalilin yana cikin layukan kewaye. Idan layi ya bambanta da sarari kaɗai, Git yana ɗaukarsa bai sauya ba, ya buga shi sau ɗaya, da kamanninsa na sabon ɓangare. Shi kuma mai karɓa tsohon ɓangare ne a hannunsa. `git apply` zai nemi layin harafi da harafi, bai same shi ba, ya ƙi.

Akwai dai lokacin da ake son ainihin wannan: manhajar rubutu ta sake jera fayil gaba ɗaya, kai kuma layi biyar kawai ka gyara, kana son su kaɗai su shiga kwamit. Daga saman ma'ajiya:

```
git diff -U0 -w --no-color --no-ext-diff |
git apply --cached --ignore-whitespace --unidiff-zero -
```

`-U0` yana cire layukan kewaye, wato tushen matsalar. `--unidiff-zero` yana shaida wa `git apply` cewa da saninka ka yi. `--cached` yana saka sauyin a wurin jiran kwamit ba tare da taɓa fayilolin da ke kan faifai ba. Bayan nan duba `git diff --cached` da idonka, ba tare da `-w` ba, sannan ka yi kwamit. Abin da ya rage a `git diff` hayaniyar ce zalla. Ko ka yi mata kwamit nata dabam, ko ka zubar da ita da `git restore .` bayan ka tabbata babu wani abu mai amfani a ciki, domin wannan umarnin ba ya dawowa.

Gargaɗi: layukan da ka gyara da gaske suna shiga da sabon sararinsu. Idan hayaniyar ta ƙarshen layi ce, za ka ƙare da fayil mai layi biyar na Windows a tsakiyar layuka ɗari uku na Linux. Duba `git ls-files --eol` kafin kwamit. Idan kuma tab ne ya koma sarari a fayil ɗin Python, gaurayen zai iya hana shi gudana.

Gargaɗi mafi muhimmanci: kada ka ƙara `--ignore-blank-lines` ko `-I` a wannan dabarar. `-w` ba ya sauya adadin layuka, don haka lambobin layi suna nan daidai. Waɗancan biyun kuwa suna ɓoye layukan da aka ƙara ko aka cire, lissafin ya goce. Tunda babu kewayen da za a duba, sabon layi zai iya sauka a wurin da ba nasa ba, kuma Git ba zai ce uffan ba. Ga irin wannan, `git add -p` ne hanya, gutsure bayan gutsure.

Sababbin fayiloli da hotuna ba sa bin wannan bututun. Saka su da `git add` tukuna.

## 9. Idan kai ne kake rubuta kayan aikin

Wanda yake gina shafin duba lamba, ko wani shiri da ya lulluɓe Git, shi zai yanke wannan hukuncin da kansa. Ƙa'idar da ta fi tsayawa ita ce a yanke shawarar ko fayil ya sauya sau ɗaya, a wuri ɗaya, sannan kowane salo ya ɗauka daga nan. Idan jerin gefe ya ce fayiloli 12, mai dubawa ya danna na bakwai ya tarar da shafi fari, daga ranar ya daina yarda da jerin.

Tsarin aikin kuwa haka yake. Fara da lambar shaida: idan iri ɗaya ce, an gama, babu buƙatar buɗe komai. Idan ta bambanta kuma babu zaɓin kau da kai, rubuta sunan nan take, saurin nan na dā bai ɓace ba. Sai idan ta bambanta kuma akwai zaɓin ne za a karanta ɓangarorin biyu, kuma a tsaya da zarar an ci karo da bambanci na gaske na farko, tunda eh ko a'a ake nema. Wannan kwatancen na ɓoye kada ya rubuta ko harafi ɗaya a allo. Wuri ne mai sauƙin kuskure, domin saƙonni irin na "fayilolin da ba rubutu ba sun bambanta" suna fitowa ta wata ƙofa dabam da ta faci, sai su tsiyayo cikin jerin sunaye.

Ka kuma san kuɗin da abin yake ci. A ma'ajiyar da aka sauko da `--filter=blob:none`, abin da ke cikin tsofaffin fayiloli ba ya kan faifai, sai an buƙace shi ake jawowa. Jerin sunaye tsakanin kwamit biyu ba ya buƙatarsa, amma da zarar an ce a duba ciki, dole a sauko da kowane fayil da ya sauya, ɓangare biyu. Ga mai sayen data, wannan ba ƙaramin abu ba ne a babbar ma'ajiya.

Wani abu da ba ya bin `-w` shi ne gano fayil ɗin da aka sake wa suna. Git yana auna kamanceceniya ne, kuma sai ta kai kashi 50 cikin ɗari. Fayil ɗin da aka sake wa suna aka kuma sake jera shigar layukansa zai iya faɗowa ƙasa da haka, ya fito a matsayin gogewa da sabon fayil. Sassauta ma'aunin da `-M30%` yakan dawo da shi.

Kuma a nuna wa mai dubawa a fili cewa ana ɓoye wani abu. A GitHub, ƙara `?w=1` a ƙarshen adireshin shafin bambanci yana ɓoye sauyin sarari, amma idan aka amince aka haɗe, komai ne yake shiga, har da abin da ba a gani ba. Shi ya sa bai dace a mayar da `-w` halin yau da kullum ba. Git ma bai tanadi saitin da zai sa `git diff` ya riƙa yin haka da kansa ba. Idan kana yawan amfani da shi, ba shi laƙabi nasa: `git config --global alias.dw "diff -w"`.

## 10. Kashe hayaniyar daga tushe

Idan kullum sai ka sa `--ignore-cr-at-eol`, ma'ajiyar ce take buƙatar gyara. Tabbatar babu wani aiki a rataye, sannan:

```
echo '* text=auto' >> .gitattributes
git add --renormalize .
git add .gitattributes
git commit -m "Daidaita ƙarshen layi"
```

Kada ka haɗa wannan kwamit da kowane gyara. Kafin ka tura shi, `git show --ignore-cr-at-eol --stat` ya kamata ya nuna `.gitattributes` kaɗai, idan wani fayil ya biyo, buɗe shi ka ga dalili. Sanar da abokan aiki tun da wuri, domin masu rassa a buɗe za su ci karo da rikici wajen haɗewa. `git merge -Xrenormalize` yana warware yawancinsa. Domin kada sabuwar hayaniya ta shigo, `git diff --check` kafin kowane kwamit yana kama sararin ƙarshen layi da ragowar alamun rikici.

Saura `git blame`, umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi na ƙarshe, wanda yanzu zai ɗora kowane layi a kan wanda ya yi daidaitawar. Ƙirƙiri fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs` a saman ma'ajiya, ka zuba cikakkiyar lambar kwamit ɗin a ciki, ba gajeriyar ba, sannan kowa ya buga wannan sau ɗaya a kwamfutarsa:

```
git config blame.ignoreRevsFile .git-blame-ignore-revs
```

Yana aiki daga siga ta 2.23, kuma GitHub yana karanta fayil mai wannan sunan da kansa. Jira sai kwamit ɗin ya shiga babban reshe kafin ka kwafi lambarsa. Idan aka matse shi da wasu ko aka sake ɗora shi a kan wani tushe wajen haɗewa, lambar za ta sauya, wadda ka rubuta tun farko kuma ba za ta yi aikin komai ba.